Kalmomin Turanci da ke rikita mu a takardun ofis: masana ku warware mana

Ɗan Kubwa ya rubuta:

Assalamu alaikum malamai da yayyena na wannan zaure. Akwai kalmomin Turanci da ke yawo a takardun ofis a nan Abuja, kowa da yadda yake fahimtarsu, kuma ƙannenmu masu hidimar ƙasa da sababbin ma'aikata su ne suka fi shan wahala. Ina roƙon a yi mana bayaninsu dalla-dalla.

Ta farko "severally". Ana rubuta "I have called him severally" da nufin an kira mutum sau da yawa, wasu kuma sun ce kuskure ne. Ta biyu "revert", kamar a "I will revert to you". Sannan "borrow" da "lend", wace ce ta wa? Me ya sa ake jan jar biro a ƙarƙashin "staffs" da "equipments" da "informations"? Ina kuma son sanin bambancin "suspension" da "interdiction", da na "dismissal" da "termination". Duk wanda ya san wasu makamantansu ya ƙara mana. Allah ya saka da alheri.

Malamar Turanci ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zan ɗauki na nahawu, na aikin gwamnati da na shari'a in bar wa masu su.

Rikicin "borrow" da "lend" daga Hausarmu ya taso. Mu da tushe ɗaya muke yin duka biyun: na ari biro, ara mini biro, na ranci kuɗi, ranta mini kuɗi. Ƙarshen kalmar da "mini" ko "masa" su ke nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Turanci kuwa ya raba su gida biyu. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa shi ke "lend". Shi ya sa "borrow me your pen" ba ta zauna ba, domin ka ɗora wa mai biron aikin karɓa. Ko dai ka ce "lend me your pen", ko ka ce "may I borrow your pen?" Ka riƙe cewa "borrow" da "from" take tafiya, "lend" kuma da "to". Idan abin ya riga ya wuce, "lent" ake cewa, babu "lended". Bambancin da mu muke yi tsakanin aro da rance kuwa, Turanci bai damu da shi ba, ko tabarma ce ko kuɗi kalmomin nan biyu ne dai.

Irin wannan ce ke faruwa da "ji" da "sha". Da "ji" muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji ɗanɗano, amma a Turanci "hear" ta kunne ce kawai. Wari "smell", sanyi da zafi "feel", ɗanɗano "taste". Da "sha" muke shan ruwa da magani da mangwaro da taba, su kuwa ruwa "drink", magani "take", mangwaro "eat", taba "smoke".

Batun "s" a ƙarshen kalma shi ne ya fi yawa a takardun da ake mayar wa mutane. Turanci yana da sunayen da ba a ƙidaya su, ba sa ɗaukar "s", ba a kuma sa musu "a" ko "an" a gaba. Waɗanda suka fi fitowa a ofis su ne "information", "equipment", "furniture", "advice", "evidence", "luggage", "stationery" da "feedback". Dalilin da ya sa hannunmu ke zamewa a bayyane yake: a Hausa kusan dukkansu suna da jam'i. Muna cewa bayanai, shawarwari, hujjoji, kayayyaki, sai mu ɗauki jam'in mu kai shi inda ba a buƙatarsa. Idan kana son ƙidayawa sai ka shigo da wata kalma ta ɗauki nauyin: "two pieces of information", "five items of furniture", "a piece of advice". Aikatau ɗin da ya biyo su, wato kalmar aiki, kuma na tilo ne, "the equipment is faulty", ko da injuna ashirin ake nufi.

"Staff" tata daban ce. Tana nufin dukkan ma'aikatan wuri a dunƙule. Mutum ɗaya ba "a staff" ba ne, "a member of staff" ne ko "a staff member". Ma'aikata talatin kuma "thirty staff" ko "thirty members of staff".

Ga hanyar da mutum zai bi ba sai ya tambayi kowa ba. Ƙamusun masu koyon Turanci irin na Oxford da Cambridge da Longman duk suna kan intanet, kuma kyauta ake duba su. Kusa da kowane suna za ka ga an nuna ko ana ƙidaya shi ko ba a yi, galibi da harafin C ko U. In ka ga U kaɗai, to kada ka sa "s". Kusa da aikatau kuma akwai T ko I. Mai T yana hawa kan abin da ya shafa kai tsaye, babu 'yar kalma a tsakani. Nan ne ake samun "discuss about", "request for", "comprise of" da "emphasise on", waɗanda duk ba daidai ba ne. Muna cewa "tattauna a kan", sai mu nemo wa "a kan" ɗin gurbi. Daidai shi ne "discuss the budget", "request approval", "the committee comprises five members". Amma a lura, idan "request" suna ce tana karɓar "for": "a request for approval". Wasu kuma daga cikin masu I dole sai da 'yar kalmar: "reply to", "comply with", "consist of". Gurbin aiki "apply for" ake yi masa, ma'aikatar da za ka kai takardar kuma "apply to".

"Advice" da "advise" ma su shiga. Mai c suna ce, shawarar kanta, ana furta ƙarshenta da s. Mai s aikatau ce, ba da shawarar, ana furta ƙarshenta da z. A Turancin Ingila, wanda shi takardun gwamnatinmu ke bi, haka "practice" da "practise" suke a rubuce, haka "licence" da "license", mai c suna, mai s aikatau, sai dai su furucinsu ɗaya ne.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara ilimi. Ɗana, kalmomin da ka tambaya na ladabtarwa ba abin wasa ba ne, domin kalma ɗaya a wasiƙa ita ke nuna ko albashi zai shigo ƙarshen wata ko ba zai shigo ba. Ma'anarsu a aikin gwamnatin tarayya tana cikin kundin dokokin aikin gwamnati, kuma ta nan ya kamata a ɗauke ta, ƙamus kaɗai ba zai wadatar ba.

Matakin farko "query", wato takardar tuhuma. Ana rubuta laifin da ake zargin ma'aikaci da shi, a ba shi wa'adin da zai kare kansa a rubuce. Ba hukunci ba ce, amma ƙin amsa ta cikin wa'adi laifi ne na daban.

"Interdiction" ita ce a dakatar da ma'aikaci daga zuwa aiki yayin da ake bin kadin babban zargin da zai iya kai shi ga kora, amma yana karɓar rabin albashinsa. In an wanke shi, a mayar da shi bakin aiki, a biya shi rabin da aka riƙe. "Suspension" ta fi ta nauyi. Ana yin ta ne idan hujjojin farko sun riga sun nuna akwai babban laifi, kuma barin mutumin a kan kujera zai cutar da jama'a. Ita kam har albashin ake tsayarwa. Kundin da kansa ya gargaɗi jami'ai kada su riƙa amfani da ɗaya a madadin ɗaya. A Hausa duka biyun dakatarwa muke cewa, shi ya sa mai rubuta wasiƙar ke ganin duk ɗaya ne, sai a jefa iyalin mutum cikin yunwar da doka ba ta ce ba.

"Dismissal" kora ce saboda babban laifi, kuma ita ce ƙarshen hukunci. Wanda aka yi wa ita ya rasa haƙƙoƙin barin aiki, sai abin da dokar fansho ta kare masa, ga kuma tabon da zai bi shi duk inda ya nemi aikin gwamnati. "Termination" kawo ƙarshen aiki ne ba lallai da laifi ba: wanda ke zaman gwaji bai gamsar ba, ko mai kwantiragi. Yawanci ana ba da sanarwa, ko a biya albashi "in lieu of notice". Wannan "in lieu of" ma'anarta "a madadin", ba "saboda" ba, kuma ana yawan rikita ta da "in view of" wadda ita ce "bisa la'akari da".

"Resign" mutum ne ya ajiye aiki da kansa. "Retire" ritaya ce, a shekara 60 ta haihuwa ko 35 ta aiki, duk wadda ta riga zuwa. Sabon ma'aikaci yana shekara 2 a "probation" kafin a yi masa "confirmation", wato tabbatarwa. Sai guda uku da ake cakuɗawa kullum: "posting" tura ka wani ofis ko sashe ne, "transfer" komawa ce ta dindindin, "secondment" kuwa aron ka aka bayar ga wata hukuma na wani wa'adi, kujerarka ta asali tana jiran ka. Mai neman a ba da aronsa ya rubuta "transfer of service" ya nemi abin da bai yi niyya ba.

Ƙarin biyu daga teburin rajista. Idan aka ce ka kawo takardun shaidarka na asali "for sighting", a gani da ido ake nufi a mayar maka, ka bar musu kwafi. Rubutun "sight" ne, ba "site" na fili ba, ba kuma "cite" na kafa hujja ba. Sannan "personnel" mai n biyu ma'aikata ne, "personal" kuma abin da ya shafi mutum shi kaɗai.

Lauya daga Garki ya rubuta:

Ranka ya daɗe Baba Sakatare, na yarda da duk abin da ka faɗa. Ni "severally" zan taɓa, domin a wajenmu kalma ce mai haƙora.

A Turancin shari'a ma'anarta "kowa shi kaɗai, daban-daban". Inda aka fi ganinta shi ne "jointly and severally". Misali mutum uku suka tsaya wa wani a bashin naira miliyan 3, takardar ta ce sun ɗauki nauyi "jointly and severally". Mutane da yawa suna zaton kowa miliyan 1 ce a kansa. Ba haka ba ne. Mai bin bashi yana da ikon ya bi su ukun tare, yana kuma da ikon ya zaɓi mutum ɗaya, wanda ya ga yana da abin hannu, ya karɓi miliyan 3 ɗin gaba ɗaya daga wurinsa. Shi kuma daga baya ya je ya nemi kason sauran biyun da kansa. Duk wanda za a ba takardar tsayawa wani, ta bashin banki ce ko ta ƙungiyar adashin ofis ko ta haya, ya nemi waɗannan kalmomi uku kafin ya sa hannu. Saboda haka a takardar yarjejeniya ko wasiƙar da za ta iya zuwa gaban alƙali, kada a sa "severally" da nufin sau da yawa. A rubuta "several times" ko "repeatedly".

Tunda an ce a ƙara, ga waɗanda ake juya ma'anarsu a labaran kotu. Idan aka ce an yi "strike out" na ƙara, an cire ta ne daga jerin shari'u, galibi don mai ƙara bai zo ba ko an shigar da ita ba bisa ƙa'ida ba, kuma ana iya gyarawa a dawo da ita. Idan aka yi "dismiss" bayan an saurari hujjoji, magana ta ƙare a wannan kotun, sai dai ɗaukaka ƙara. A Hausa duka "an kori ƙara" ake cewa, sai mutum ya tafi gida yana murna alhali gobe za a iya sake kawo masa sammaci. Haka "discharged" da "acquitted". Ta farko sallama ce, ana iya sake gurfanar da mutum. Ta biyu wankewa ce, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a sake tuhumar wanda kotu ta wanke a kan laifin nan dai, sai da umarnin kotun da ke sama. Shi ya sa lauya ke son ya ji "discharged and acquitted" a tare. Wannan sashen ne kuma ya ce wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, don haka "suspect" da "defendant" ba "convict" ba ne. Ta ƙarshen sai bayan hukunci.

A cikin doka ko yarjejeniya kuma, "shall" galibi dole take nunawa, "may" kuma zaɓi.

Mai Gyaran Rubutu ya rubuta:

Barista, a kan takardun shari'a ba ni da ja. Amma kada masu karatu su tashi da cewa duk wanda ya ce "severally" da nufin sau da yawa bai iya Turanci ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, kuma "severally" da wannan ma'anar tamu tana ciki. Tare da ita akwai "next tomorrow" wato jibi, "send-forth", "flag-off", "ember months" wato Satumba zuwa Disamba, "barbing salon", "put to bed" da nufin haihuwa, "okada", har da "Kannywood". Abin da shigarwar ke nufi shi ne an shaida cewa miliyoyin mutane suna amfani da su a nan, an kuma yi musu alamar cewa na Najeriya ne. Ba ta nufin mutumin Landan ko na Nairobi zai gane su.

Don haka tambayar da nake ganin ta fi amfani ita ce: wa zai karanta? Saƙon WhatsApp na abokan aiki, ko jawabin walimar sallamar wanda ya yi ritaya, "send-forth" ba ta da aibu. Takardar neman gurbin karatu a waje, rahoton da za a aika wa ƙungiyar ƙasa da ƙasa, jarrabawa, wasiƙar ofishin jakadanci, a nan sai "send-off" ko "farewell", sai "the day after tomorrow", sai "give birth". Wasu ma suna da wata ma'ana dabam a can. "Go-slow" a wajenmu cunkoson Nyanya da Mararraba ne da safe, a Ingila kuwa ma'aikata ne suka rage saurin aiki da gangan don nuna fushi. Cunkoso "traffic jam" ne. "Put to bed" a ɗakin labarai kammala shirya jarida ne a miƙa ta ga maɗaba'a. "Escort" tana ɗauke da ma'anar rakiyar tsaro ko ta girmamawa, taka wa baƙo zuwa bakin titi kuwa "see off" ce.

"Revert" asalinta komawa halin da ake ciki a da, ko komawar dukiya hannun mai ita na farko: fili ya "revert" ga gwamnati. Ma'anar "zan ba ka amsa" ta yaɗu a ofisoshin Indiya da Najeriya da wasu ƙasashe, kuma a bankuna da kamfanonin Abuja kowa zai gane ta. Duk da haka ni ina cire ta a duk rubutun da ya biyo ta hannuna, domin "reply" da "get back to you" suna yin aikin ba tare da sun rikita kowa ba. "Revert back" kuwa maimaici ne, "back" ɗin tana cikin kalmar tun asali.

Akwai ɗaya kuma da ake yawan kuskurewa: "round up" a wurin "round off". Mai jawabi zai kammala, "round off" zai yi. "Round up" tattaro mutane ne ko dabbobi, kamar yadda 'yan sanda ke kamen gungu, ko cike lamba zuwa sama, 98 ta zama 100.

Malamar Turanci ta rubuta:

Na yarda da Malam a kan duba mai karatu, da sharaɗi ɗaya. Kalmar da muka ƙirƙira ko muka ba sabuwar ma'ana daban take da kuskuren rubutu. "Loose" a wurin "lose", "been" a wurin "being", "am" babu "I" a gabanta, waɗannan ba Turancin Najeriya ba ne, kuskure ne a ko'ina. "Lose" mai o ɗaya rasawa ce ko faɗuwa, "loose" mai o biyu sako-sako. "Been" tana bin "has", "have" ko "had". "Being" tana bin "is", "are", "was" ko "were", kuma ita ce ta kan rasit: "being payment for". "Stationery" mai e kayan rubutu, "stationary" mai a abin da ke tsaye cik. "Affect" yawanci aikatau ce, shafar abu. "Effect" yawanci suna ce, sakamako, ita ce kuma a "with effect from". Inda "effect" ke zama aikatau shi ne zartarwa, kamar "effect payment". Manhajar gyaran rubutu ta kwamfuta ba kasafai take kama irin waɗannan ba, domin kowace kalma ce mai zaman kanta, sai idon mutum.

Wani abin da ya shafe mu mu Hausawa musamman shi ne p da f. Namu f ɗin da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin nasu biyun, shi ya sa suke narke mana, har ya bi mu cikin rubutu: "file" da "pile", "full" da "pull", "chief" da "cheap". Gyaran na baki ne. A p leɓɓa biyu suna rufewa ruf sannan iska ta fashe. A f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska tana zirarowa ba tsayawa. A tsaya gaban madubi a riƙa jera su bibbiyu, ido zai ga abin da kunne bai saba rabewa ba.

Ɗan Kubwa ya rubuta:

Allah ya saka wa iyaye da yayye da alheri, an warware mana da yawa. Saura ɗaya da aka turo mini: "biannual" da "biennial", da kuma yadda ake rufe wasiƙa.

Tsohon Sakatare ya rubuta:

"Biannual" sau biyu a shekara, "biennial" sau ɗaya a shekara biyu. Harafi kaɗan ya raba su, amma a kasafin kuɗi taro huɗu ne da taro ɗaya cikin shekara biyu. "Bimonthly" ta fi su haɗari, domin ƙamus da kansa ya ba ta ma'ana biyu, sau biyu a wata ko sau ɗaya a wata biyu. A takardar da kuɗi ko wa'adi ya rataya a kanta, a bar su duka a rubuta a fili: "twice a year", "every two years", "every two months". "Fortnight" mako biyu ne, "quarterly" duk wata uku.

Kwanan wata ma haka. Mu da Ingila rana muke fara sawa, Amurka wata take farawa da shi, don haka 4/5/2025 a wajenmu 4 ga Mayu ne, a wajensu 5 ga Afrilu. In takardar za ta ƙetare, a rubuta sunan watan da haruffa.

Rufe wasiƙa kuwa ya danganta da yadda aka buɗe ta. In ka fara da "Dear Sir" ko "Dear Madam", ka rufe da "Yours faithfully". In ka ambaci sunan mutumin, "Yours sincerely". Y babba, f ko s ƙarami, kuma "Yours" ba ta da 'yar waƙafin sama tsakanin r da s. Sa hannu ya zo a ƙarƙashinta, sannan cikakken suna, sannan muƙami da lambar fayil idan wasiƙar cikin gida ce. In kuma ta hannun shugaban sashenka za ta bi, ka sa "Through" da muƙaminsa a ƙarƙashin adireshin wanda kake rubuta wa, ka bar masa gurbin da zai sa hannu da kwanan wata kafin ta wuce rajista.